Kafin ka ɗora rediyon gigahaz 60, dubi kukar da ke tsakani

Ka ce mai makarantar nan yana son a haɗa masa intanet tsakanin benayensa biyu, mita 700 tsakani, kuma ka gani a wayarka cewa rediyon gigahaz 60, na'urar tura intanet ta iska, yana ba da gudun gigabit guda cur a daƙiƙa. Shi ne kake tambaya me zai hana mu ɗora masa shi gobe. Ajiye wayar nan ka zauna, yaro. Ku yaran yanzu kuna kallon bidiyon minti biyar na wani Bature a saman rufinsa, sai ku ɗauka kun gama sanin aiki. Shin ka je wurin? Ka hau rufin ka ga abin da ke tsakanin benayen? Ba ka je ba, ai na sani.

Rediyon ba ƙarya yake yi ba. Tsawon zangonsa, wato tsawon igiyar siginarsa guda ɗaya, milimita 5 ne kacal, na gigahaz 5 da ka saba ɗorawa kuwa santimita 6. Tun 2012 aka fitar masa da ƙa'idar 802.11ad, wadda ake kira WiGig, kuma faɗin tasha ɗaya a cikinsa ya haura gigahaz 2. Titi ne mai faɗi da babu kowa a kai, ba kamar gigahaz 5 ba da kowane bene a Kano yake ihu a cikinsa. Sai dai iskar da muke shaƙa ma cin sa take yi: iskar oksijin tana shanye kusan desibel 15 (ma'aunin ƙarfin sigina ke nan) a kowace kilomita. Bango yana tare shi, ganye yana tare shi, mutum ma in ya gitta gaban farantin eriyarsa sai ka ga sigina ta faɗi.

Bari in gaya maka yadda na koyi wannan da kuɗina.

Wani Alhaji ne, mai sito a bayan kasuwa, ya sa kyamarori goma sha shida yana son ya riƙa kallonsu daga gidansa. Mita 900 ne tsakani. Watan Fabrairu muka je, rani tsantsa. Na hau rufin gidan da madubin hangen nesa, na hango saman siton tar, sai dai akwai wata tsohuwar kuka a tsakiya, a cikin gidan wasu mutane, rassanta tsirara babu ko ganye ɗaya. Layin yana bi ta saman rassan, kamar da kamu biyu. Na sauko na ce masa, Alhaji, abu uku nake so: fayif mai kauri na ɗora rediyon, a ƙara masa tsawon mita uku a ɗaure shi da wayoyi ta kusurwa uku, sannan a sayi rediyo mai gigahaz 5 a cikinsa wanda zai karɓi aiki in babban ya yanke. Ya dube ni ya ce ku masu aikin hannu ba ku da magana sai ƙarin kuɗi. Yana da wani siririn fayif ɗin ruwa a sito, a sa shi. Ya ce in wani abu ya faru, shi ya ji ya gani.

Da baki ya faɗa, ni kuma na yarda da baki. Ya ba ni rabin kuɗi kafin alƙalami, na cika da nawa na sayo kaya, a kan zai biya ciko bayan ya gwada. Wata huɗu abin yana gudu kamar ruwa. Har baƙi yake kira falonsa su ga lebura yana sauke buhu a sito. Ciko kuwa kullum sai wani mako.

Hadarin farko na watan Yuni, iska ta murɗa fayif ɗin nan. Da ido ba za ka ce ya motsa ba. To amma hasken wannan rediyo siriri ne kamar na tocila, digiri ɗaya in ya kauce a mita 900, ya bar abokinsa da kusan mita 16. Na hau na saita, ban karɓi ko sisi ba. Kafin Yuli ya ƙare kuka ta yi ganye ta cika, sababbin rassa suka miƙe suka shiga layin. A tsakiyar hanya irin wannan ana son fili kamar mita ɗaya ta kowane gefe na layin, babu abin da ya taɓa shi, ga jiƙaƙƙen ganye yana kaɗawa a ciki. Na je na roƙi masu gidan a sassabe saman, tsohuwar gidan ta ce kukar miyarsu ce tun kakanni, ba mai hawa da adda. Gaskiyarta. Sai ga malkar Agusta. Ruwan da ke zuba milimita 25 a awa yana cin kusan desibel 10 a kilomita, bayan wanda iska ta riga ta ci, kuma ka san ruwan Agusta ya kan wuce haka nesa. Da hadari ya haɗo, allon Alhaji ya yi baƙi.

Mutumin nan ya tsaya a gaban 'yan kasuwa ya ce na sayar masa da jabun kaya. Na tuna masa maganar fayif, ya rantse bai san da ita ba. Ya riƙe kayana, ya hana ni cikona, ya kira wani yaro sa'anka ya ɗora masa rediyon gigahaz 5 mai araha a kan fayif mai kauri, irin wanda na roƙe shi ya saya. Ayyuka biyu da na riga na yi ciniki a layin nan suka janye. Har yau in na bi ta gaban siton nan raina ɓaci yake yi. Shekara ashirin ina hawa rufi, ba a taɓa kiran aikina jabu ba sai ranar.

Saboda haka gobe da sassafe za ka tafi makarantar. Kada ka tambaye ni yadda ake matse kan waya ko ba rediyo adireshi, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da katin waya. Ka hau benen farko ka hangi na biyu, ka rubuto mini kowace bishiya da ke tsakani da sunanta. Darbejiya ba ta ɓoye ganyenta, abin da ka gani shi ne, sai dai ka ƙara mata tsawon shekara biyu. Kuka kuwa ka lissafa ta da ganyen damina. Ka duba ko akwai wanda ya tara bulo a saman rufinsa, don gobe bene ne ko tankin ruwa. Hazo kada ya dame ka, bai cika taɓa shi ba. Mita 700 ba wasa ba ce, ƙananan nan na mita 200 ba za su kai ba, sai mai faranti, kuma mu sa shi a tasha ta sama, wajen gigahaz 64.8 ko fiye in rediyon yana da ita, inda iska ba ta ci sosai.

Sannan ka gaya wa mai makarantar: fayif nawa ne, kauri da tsawo ni zan faɗa, rediyo mai gigahaz 5 a ciki dole ne, kuma duk wannan a takarda da sa hannunsa kafin in taka tsani. In ya ce a rage, ka ce Oga ya ce a haƙa rami a ja masa wayar intanet ta fayiba. Ɗauki madubin hangen nan a cikin akwati, ka dawo mini da shi yadda ka ɗauka.