Mun bi littafi, amma taurin ƙarfen bai zo daidai ba

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibin injiniya ne. Mun sa sandunan ƙarfe a tanderu da iskar amoniya, don fuskarsu ta yi tauri, zafi digiri 520 a ma'aunin Celsius, awa 40, yadda littafi ya ce. Da muka fitar, wani gefen ya yi tauri, wani bai yi ba. Ina matsalar take?

AMSA: Ɗana, lissafin littafi daidai ne. Amoniya tana tarwatsewa a fuskar ƙarfe mai zafi, sinadarin naitirojin da ke cikinta ya ratsa ƙarfen, ya haɗu da kuromiyam ko alminiyam da ke gauraye a ƙarfen ya ba da tauri, ba sai an tsoma a mai ba. Sai dai littafi ya ɗauka fuskar ƙarfen tsaf take. Ni nan nake fara dubawa. Ɗan maiƙon injin yanka, tsatsa, kai ko shatin yatsa, ya isa ya tare naitirojin. A wanke tas, a ɗauka da safar hannu.

Sannan jeri. In an cunkushe sandunan suna taɓa juna, iskar ba ta zagayawa.

Abin da ya fi damuna shi ne tukunyar tanderun kanta. In ta tsufa, bangonta yakan tarwatsa amoniya tun kafin ta kai ga kayan. Don haka kada ka dogara da yawan iskar da ke shiga, ka riƙa auna wadda ke fita.

Kuma kada ka ce ƙarin lokaci zai gyara. In kana son zurfin taurin ya ninka biyu, sai ka ninka lokacin kusan sau 4, ga kuma wani farin ɓawo mai saurin ɓantarewa da ke fitowa a saman ƙarfen yana ƙara kauri. Kullum ka sa guntun gwaji, ka yanka ka auna.