Hukuncin tallan kayan kwantai a intanet da sunan sabo

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Muna da sito a Kantin Kwari da muka gada, cike da kayan da suka kwanta shekara da shekaru: turamen atamfa na masakun da aka rufe tuni, kwanukan samira, kekunan ɗinki a cikin kwalayensu da rediyo mai kaset. Ba a taɓa amfani da ko ɗaya ba. Ina tallarsu a WhatsApp da Instagram. Idan na rubuta "sabo dal" wasu su dawo da kaya suna faɗa, idan na ce "tsoho" a ɗauka gwanjo ne a karya farashi. Me shari'a ta ɗora mini?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, cinikin halal ne. Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye idan an siffanta shi, har ma sun yarda a sayi dila ba a kwance ta ba, bisa takardar da ta bayyana abin da ke ciki. Sharaɗin shi ne siffar ta tsaya a madadin ido, kuma kaya su zo daidai da ita.

Amma "sabo dal" shi kaɗai bai halatta a wannan kaya ba. Mai saye a Kano idan ya ji an ce sabo, abin da ke zuwa ransa kayan da suka sauka bana ne, kuma da fahimtar mutanen kasuwa ake auna lafazin ciniki. Cewa ba a taɓa amfani da shi ba gaskiya ce, sai dai rabi ce. A hadisin Hakim bin Hizam da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya rataya albarkar ciniki a kan abu biyu: faɗin gaskiya da bayyanawa. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa ba ya halatta mai kaya ya ɓoye abin da in ya faɗa mai saye zai ƙi kayan ko ya rage kuɗinsu. Shaihu Khalil kuma, a babin murabaha (cinikin da mai kaya ke faɗin kuɗin da ya saya ya ɗora riba) na littafinsa Mukhtasar, ya lissafa daɗewar kaya a hannun mai su cikin abubuwan da dole a bayyana.

Dalili kuwa ajiya na cin kaya ko da ba a taɓa su ba. Atamfar da ta daɗe a ninke takan koɗe a kan layin ninkin, zaren wurin ya yi rauni, sai tela ya ja ta ta yage. Don haka ka warware turmin gaba ɗaya, yadi shidan nan, ka ɗaga shi a hasken rana ka nemi hujin ƙwari, da ɗigon danshin damina, da warin ruma. Kwanon samira ka duba bakinsa da gindinsa, inda fenti ke ɓantarewa tsatsa ta shiga. Keken ɗinki mansa yakan daskare ya riƙe ƙarafan, bel ɗin fata ya tsage. Rediyo mai kaset kuma robar da ke juya kaset ɗin takan narke ta koma kamar kwalta, in an bar batir a ciki ruwansa ya ci mazauninsa. Wanda ya san waɗannan suna faruwa ya ƙi dubawa don kada ya gani, ina ganin bai kuɓuta ba.

Abin da ka gani, ka ambace shi da sunansa da wurinsa da girmansa. Malamai sun ce ba a dunƙule aibi. Ko dai a siffanta shi ko a nuna shi. "Yana da ɗan matsala" ba bayani ba ne. Ka rubuta kamar haka: "Tsohuwar ajiya ce, ba a taɓa ɗinka ta ba. Launi ya koɗe a kan ninki biyu, akwai huji uku ƙanana kusa da baki." Kowane turmi da hotonsa, a hasken rana, ba tare da gyaran launi ba. Ɗaukar hoton mafi kyau a cikin dila a aika wa mutum wani turmi daban, shi ne abin da Annabi (SAW) ya hana ranar da ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu.

Wanda ke rufe a kwalinsa, in buɗewa za ta rage masa daraja, ba dole ka buɗe ba. Ka rubuta cewa a rufe yake, ba a gwada ba. Kada ka ce yana aiki ba ka kunna ba, kada kuma ka yanke masa shekara da ka. In ba tambari ko rasit, ka ce kimantawa ce.

Rubuta "ba a mayar da kaya" ba ya kare ka daga aibin da ka sani ka yi shiru a kansa. Mai saye yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. A mazhabarmu, idan ɓoyewa aka yi da gangan, ko ya riga ya yanka atamfar yankan da aka saba yana iya mayarwa ba tare da biyan komai ba, kuma kuɗin motar dawo da kayan yana kan mai sayarwa. Aibin da ka nuna ya gani ya yarda kuwa, ba shi da hakkin dawowa da shi. Saboda haka ka adana saƙon da ka yi bayanin a ciki da amsar da ya ba ka.

Wallahu a'alam.