Yaya Zan Ce Aikina Ba Shi da Ci Gaba a Turanci Cikin Ladabi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 6 ke nan ina aikin karɓar baƙi a wani kamfani mai zaman kansa, kuma kujerar da na fara da ita nake kai har yau, domin babu wani muƙami a samanta da zan hau. An kira ni intabiyu a wani wuri, kuma na san za a tambaye ni dalilin barin aikina. Abokina ya ce in ce "dead-end job" nake yi. Ko hakan ya dace? Mai karatu daga Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abokinka ya gane ma'anar, amma ina roƙonka kada ka furta wannan kalma a gaban masu ɗaukar aiki. "Dead end" lungu ne da ba ya ɓullewa, irin wanda mutum zai shiga ya ci karo da katanga ya juyo. Magana ce ta hira da ke ɗauke da raini, kuma wanda ya ji ka kushe wurin da ya ciyar da kai shekara 6 zai ɗauka haka za ka yi da shi gobe.

Abin da ya fi dacewa shi ne ka ɗora ƙarancin a kan tsarin wurin, ka bar mutanensa da mutuncinsu. Kana iya cewa "limited opportunities for advancement", wato damar ƙarin girma kaɗan ce, ko "little room for growth". Ni dai na fi son ka fara da yabo kafin ka kawo dalilin, kamar haka: "I have learned a great deal in my current role, but there is limited room for progression." Wannan jimla ta faɗi gaskiyarka duka, ba ta kuma ci zarafin kowa ba.

Ka kiyayi wasu kalmomi da ake rikita su da wannan. "Entry-level" aikin mai farawa ne, wanda sau da yawa yana da matakan hawa. "Glass ceiling", da ake danganta wa Ba'amurkiya Marilyn Loden tun 1978, shingen wariya ne da ke tare mata ko tsiraru daga manyan muƙamai, don haka faɗinsa zargi ne mai nauyi. Akwai kuma "stagnation" da ma'aikatan gwamnatin Najeriya suke yawan ambata, idan mutum ya daɗe a mataki ɗaya alhali ƙa'ida ta ba wanda ke matakin albashi na 07 zuwa 14 damar neman ƙarin girma bayan shekara 3. Su tsani suke da shi aka tsayar da su a kai, kai kuwa wurinka babu tsanin ma.

Idan ka faɗi jimlar, kada ka tsaya a kanta. Ka wuce kai tsaye zuwa abin da ka ƙware a kai, kamar tsara lokutan ganawa da kwantar da hankalin baƙon da ya shigo a fusace, sannan ka ambaci nauyin da kake son ɗauka a wurinsu. Allah Ya ba da sa'a.