Malam, in na ajiye aiki saboda wulaƙancin oga na yi butulci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da basira. Dan Allah a amsa min da hujja don abin ya hana ni barci. Shekara huɗu kenan ina aiki a wani kamfani, albashin ba laifi in an biya, amma wallahi zaman wajen ya zama azaba. Oganmu ba shi da aiki sai tsawa, a gaban kwastoma zai ce maka jaki, ƙarfe sha ɗayan dare zai turo saƙo a gurup in baka amsa ba da safe ka shiga uku. A takarda tashi ƙarfe biyar ne amma ba wanda ya isa ya ɗauki jakarsa kafin takwas, kuma ba a biyan ƙarin awannin. Albashi sai sabon wata ya raba tsakiya. Ga ƴan kai gulma da ya ajiye a cikinmu. Mu goma sha biyu ne a sashenmu, yanzu mu huɗu muka rage. Azahar da la'asar sau da yawa a haɗe nake yinsu, likita kuma ya ce jinina ya hau. Na samu wani wajen, kuɗinsu bai kai wannan ba amma ance akwai mutunci. Yayana ya ce butulci ne da rashin haƙuri, wai wasu na nema basu samu ba. Shin in na tafi ina da laifi? Dole ne sai na basu notis ɗin wata ɗaya da na sa hannu a kai alhali su basa cika nasu? Sannan wani yana so ya nemi aiki a wajen ya tambaye ni, in na gaya masa gaskiya na yi giba?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdu lillah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan uwa, in dai yadda ka faɗa haka abin yake, to ya halatta ka ajiye aikin nan, ba ka yi butulci ba kuma ba ka fita daga sahun masu haƙuri ba. Na ce in dai haka yake ne saboda ɓangare ɗaya na ji, mai bada fatawa kuma a kan abin da aka gaya masa yake magana.

Aikin albashi a fiƙihu sunansa ijara, kai kuma kana cikin wanda malamai ke kira ajirun khas, wato wanda aka ɗauka a kan lokacinsa, daga ƙarfe kaza zuwa kaza a ba shi kaza. Lokacin ka sayar musu, mutuncinka ba ya cikin cinikin, lafiyarka da sallarka ma haka. Duba yadda Allah ya ba mu labarin ɗaukar aikin Annabi Musa (AS) a Madyana cikin Suratul Ƙasas aya ta 26 zuwa 28. An fayyace wa'adi, shekara takwas, in ya cika goma to kyautatawa ce daga wajensa, sai dattijon da ya ɗauke shi aikin ya ƙara da cewa "wa ma uridu an ashuƙƙa alaika", ba na nufin in tsananta maka. Mai ɗaukar aikin ne da bakinsa ya sa wa kansa wannan sharaɗin tun kafin a fara. Shi kuma Annabi Musa ya ce duk wa'adin da na cika cikin biyun babu ƙetare iyaka a kaina. Kaga kenan ƙarin lokaci a kan abin da aka yi yarjejeniya zaɓin ma'aikaci ne, ba a ƙwatarsa da zare ido.

To auna wajen aikinku da wannan. Awa ukun da ake riƙe ku kullum ba biya, cin haƙƙi ne, kuma yana shiga ƙarƙashin faɗin Allah a Suratu Hud aya ta 85 cewa kar ku tauye wa mutane kayansu. Jan albashi alhali da halin biya, Annabi (SAW) ya kira shi da sunansa a hadisin Bukhari da Muslim, ya ce taurin bashin mawadaci zalunci ne, a wajen Ibn Majah kuma ya ce ku ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Mafi ban tsoro shine hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah da kansa ya ce mutum uku ni ne abokin husumarsu ranar alƙiyama, na ukunsu shine wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi aiki cikakke ya hana shi lada. In kuma kamfanin da gaske ba shi da kuɗin ne a wannan watan, wannan hukuncinsa daban, amma sai a tara ma'aikata a gaya musu gaskiya a nemi uzurinsu.

Zagin kuwa shi ya fi tsaya min a rai. Ma'arur bin Suwaid ya ce ya haɗu da Abu Zarr (RA) a Rabaza, ya gan shi da tufa, yaronsa ma da irinta sak, ya tambaye shi dalili. Abu Zarr ya ce na taɓa zagin wani mutum na goranta masa da mahaifiyarsa, sai Annabi (SAW) ya ce min lallai kai mutum ne da akwai jahiliyya a tare da kai, waɗannan ƴan uwanku ne Allah ya sa su a ƙarƙashinku, ku ciyar da su daga abin da kuke ci, ku tufatar da su daga abin da kuke sawa, kar ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora to ku taimaka musu. Wannan fa a kan bawa aka faɗa, ina ga ɗa wanda ya zo da ƙafarsa ya sa hannu a takarda? Anas (RA) ya yi shekara goma yana hidima ga Annabi (SAW), ya ce bai taɓa ce min uf ba, bai taɓa cewa me ya sa ka yi kaza ko me ya hana ka yin kaza ba. Shekara goma, kuma yaro ne ƙarami lokacin, ai dole yana kuskure.

Akwai wani hadisi da nake so duk mai ma'aikata a ƙarƙashinsa ya haddace, Nana A'isha (RA) ce ta ruwaito yana cikin Bukhari da Muslim, cewa mafi sharrin matsayi a wajen Allah ranar alƙiyama shine wanda mutane suka ƙyale shi don gudun mugun bakinsa. Sashe ya tashi daga mutum sha biyu ya koma huɗu, ya kamata shugaban wajen ya zauna shi kaɗai ya tambayi kansa me takwas ɗin nan suka gudar wa. A Sahihu Muslim kuma Annabi (SAW) ya yi addu'a ya ce ya Allah duk wanda ya jiɓinci wani lamari na al'ummata ya tsananta musu, ka tsananta masa, wanda ya tausasa musu ka tausasa masa. Ƴan kai gulmar ma su ji, hadisin Huzaifa ya ce annamimi ba zai shiga aljanna ba, kuma ƙarin girman da aka samu da kai ƙarar abokan aiki ba abin farin ciki bane.

Yanzu maganar yayanka, Allah ya saka masa da alheri, tausayinka ne ya sa shi faɗa, kuma akwai gaskiya a ciki. Annabi (SAW) ya ce ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda yake ciyarwa, Abu Dawud ya ruwaito. Da a ce ba ka da inda za ka koma kuma akwai iyali a wuyanka, da na ce maka ka daure kana nema a hankali, kar ka yi fushi ranar Litinin ka jefar da katin aiki ka dawo gida babu ko sisi. Amma kai ka samu wani wajen, in kuɗin can zai riƙe wajiban gidanka ko da an ɗan matse, ba inda shari'a ta ce sai ka zaɓi albashi mafi tsoka. Haƙurin da ake ba da lada a kai shine ka riƙe harshenka da zuciyarka daga fushi da ƙaddarar Allah, neman mafita ba ya warware shi, kamar yadda zuwa asibiti ba ya warware tawakkali. Godiyar ni'ima kuma ga Allah take, shi ya ba ka wancan aikin shi ya buɗe maka wannan. Su kamfanin aiki ka yi musu suka biya ka.

Kuma kar ka raina maganar likita. Ƙa'idar fiƙihu ta ce babu cuta babu cutarwa, asalinta hadisi ne da Imam Malik ya kawo. Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto a 2021 cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya sanadiyyar aikin awa 55 ko fiye a sati. Kai da kanka lissafa awanninka ka gani.

Inda hukuncin ke tashi daga halas ya koma wajibi shine in zaman yana tilasta maka saɓon Allah kuma ba ka iya kaucewa, kamar a ce sai ka rubuta rasit na ƙarya, ko ka yaudari kwastoma, ko mace a sa ta gaba da neman lalata, ko a hana ka salla a kan lokacinta gaba ɗaya. Biyayya a cikin abin da yake daidai ne kawai. Haɗa azahar da la'asar da ka ambata ma ka gyara shi tun gobe, Suratun Nisa'i aya ta 103 ta ce salla farilla ce mai ƙayyadadden lokaci, tsoron hararar oga ba uzuri bane da za a mai da haɗin salla al'adar kullum. Minti goma ne, ka faɗa masa cikin ladabi ka tashi ka yi.

Batun notis, a nan zan ɗan saɓa wa abin da zuciyarka ke so. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida ku cika alƙawura, kuma musulmai suna kan sharuɗɗansu kamar yadda ya zo a wajen Abu Dawud da Tirmizi. Ijara mai wa'adi ƙulli ne mai lazimtar ɓangare biyu a wajen malaman mazhabobi huɗu, Hanafawa suna ganin uzuri mai ƙarfi yana iya warware ta, Malikawa kuma suna ganin wadda ake yi wata-wata ba tare da yanke wa'adi ba kowa na iya fita in ba a riga an biya gaba ba. Naka akwai sharaɗi a rubuce, wata ɗaya, ka gani ka sa hannu. Na san za ka ce su ma basa cikawa, gaskiya ne, kuma saɓawarsu ta ba ka damar neman a raba ƙullin da bin haƙƙinka har gaban hukuma. Amma Annabi (SAW) ya ce ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kar ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Sannan ka tuna mutum ukun nan da za ka bari, in ka ɓace dare ɗaya a kansu aikinka zai zube, ba a kan oga ba. Don haka ka rubuta takardarka gajeriya ba zagi ba habaici, ka cika watan kana aiki da gaske, kar ka zama jiki a ofis zuciya a waje kana cin albashi kana latsa waya, wannan shima tauye mudu ne. Ka miƙa fayil-fayil da makullai da lambobin sirri, kar ka kwashi jerin sunayen kwastomominsu ka tafi da shi, kar kuma ka ɗauki kwamfutar ofis ka ce ka fanshe awanninka, wannan hanyar rigima take jawowa, ka rubuta abin da kake binsu da ranaku ka nema ta ofishin ma'aikata ko ƙungiya ko kotu. Sai dai in likita ya ce ci gaba ko na wata ɗaya haɗari ne, ko ana tilasta maka haram, to a nan cutar ta rinjayi sharaɗin, ka sanar da su a rubuce ka tafi.

Mai tambayarka kuma ka gaya masa gaskiya, nasiha ce ba giba ba. Fatima bint Ƙais ta nemi shawarar Annabi (SAW) a kan maza biyu da suka nemi aurenta, ya gaya mata aibin kowanne, ya ce Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa, hadisin yana Muslim. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, ciki har da kai ƙarar zalunci da gargaɗin wanda zai ƙulla hulɗa. Sharaɗin shine ka faɗi abin da ka gani da idonka, gwargwadon buƙatarsa, ka haɗa da alherin wajen in akwai, misali cewa albashin ba laifi in an biya. Ka gaya masa shi kaɗai, wannan daban yake da hawa Facebook ka yi ta yayata sunan mutum don huce haushi.

Kafin ka miƙa takardar ka yi istihara, ka tabbatar sabon wajen sun ba ka takardar ɗauka a hannu ba alƙawarin baki ba, ka kuma zauna da yayanka ka nuna masa sakamakon asibitin da lissafin yadda sabon albashin zai riƙe gida. Allah ya ba ka lafiya ya zaɓa maka mafi alheri.

Wallahu a'alam.