Rada a filin jirgin Tawa, ta cancanci kuɗinta?

Malam, ka tambaya ko ya dace a kafa rada, wato na'urar da ke nuna motsin jirage kan titin sauka ko da ido bai gan su ba, a filin jirgin Tawa. A ganina ba yanzu ba. Amfaninta yana inda jirage ke cunkoso, a Tawa kuwa ma'aikacin hasumiya da ido yake ƙirga su. A fara zuba kuɗin kan shinge mai ƙarfi da fitilun titi, don saniya ɗaya ta isa ta jawo asarar rayuka.

Amma akwai hazo. Da hunturu a Yamai na sha ganin ƙura ta rufe gadar Kennedy gaba ɗaya. Cikin hazo jirage biyu suka yi karo kan titin sauka a tsibirin Tenerife na ƙasar Spain a 1977, mutum 583 suka rasu. In zirga-zirga ta ƙaru, rada ta zama dole.