Amsa ga mai tambayar yadda ake zuwa Fort Edmonton Park ba mota

'Yar'uwa, kin ce ba ki daɗe da zuwa birnin Edmonton na Kanada ba, ba ki da mota, kina son kai yara Fort Edmonton Park, filin da ake nuna tarihin garin, kuma kin ga tashar LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, mai sunan wurin. Wallahi na tausaya miki tun kafin ki fita, don sunan nan ya wahalar da da yawa daga cikinmu.

Tashar South Campus/Fort Edmonton Park ba a ƙofar wurin take ba. Tsakaninsu ya haura kilomita uku, wurin kuma can ƙasa yake a kwarin kogin North Saskatchewan, gefen Fox Drive. Mutum zai sauka da murna yana waige-waige, ba katanga ba ƙofa, sai gonar jami'a da motoci suna wucewa. Ga yaro a keken tura jarirai, ga wani yana kukan ƙishirwa, ga rana. Wasu su ce bari mu taka, ai ba nisa. Zuwa gangara ce, da sauƙi. Dawowar ce ke fitar da hawaye, hawa ne, yara sun gaji, kowa sai a ɗauke shi. Don Allah kada ki taka.

Idan kin sauka, bas za ki shiga. Tun a gida ki duba manhajar ETS, hukumar bas da jirgin garin, ki ga bas ɗin da ke bin Fox Drive ranar, ki duba ta komowa ma, don ranar Lahadi ba su cika yawa ba. Ki taɓa Arc, katin biyan kuɗin bas da jirgi, a jikin na'ura lokacin shiga da lokacin fita. Kuɗi ɗaya na ɗaukar ki minti 90, jirgi da bas duka. Yara 'yan shekara 12 zuwa ƙasa ba sa biya. Wurin na bazara ne, daga ƙarshen Mayu zuwa Satumba, kuma ba kullum ake buɗewa ba, ki tabbatar da ranar. Maganin sauro kada ki manta, sauron kwarin nan ba ya wasa.

A ciki, kada ki fara da titin da ke kusa da ƙofa. Fili ne mai hekta 64. Idan jirgin ƙasa mai tururi yana aiki, ku hau ya kai ku can ƙurya, inda aka gina ganuwa kamar yadda take a 1846, sai ku tako baya ta titin 1885, 1905, 1920, kowane titi na nuna garin a shekarar da aka sa masa suna. Ƙafa ta gaji, ku hau taragon lantarki, irin wanda ya yi jigila a garin daga 1908 zuwa 1951.

Ganuwar ita ce asalin garin. Kamfanin Hudson's Bay ya kafa ta a 1795 don sayen fatu daga 'yan asalin ƙasar, mutanen Cree da Blackfoot, musamman fatar biba, dabbar ruwan nan mai datse rafi, wadda Turawa ke yin hula da gashinta. Wadda za ki gani sake ginawa aka yi. Ta ƙarshe cikin na asali tana kusa da ginin majalisar lardin Alberta, an rushe ta a 1915. Ki sa yara su tambayi ma'aikatan da ke sanye da kayan zamanin da, su nuna musu yadda ake danne fatu a ɗaure dami mai kusan kilo 40, da dogon kwalekwalen da ke kai su bakin teku. Akwai kuma guzurin matafiya, busasshen naman ɓauna da aka daka da kitse, kamar dambun nama. Ɗakin tarihin 'yan asalin ƙasar da aka buɗe a 2021, ki ba shi awa guda, kada ki bar shi sai an gaji.

Abin da ke ba ni haushi, mutanenmu su je su dawo ba su ga masallacin Al Rashid ba. Shi ne na farko da aka gina a Kanada, 1938, matan Larabawa irin su Hilwie Hamdon suka tara kuɗinsa, mijinta ma fataucin fatu ya yi. Da aka so rushe shi, mata ne suka sake tsayawa har aka ɗauko ginin aka kawo nan. Yana wajen titin 1920, jan bulo da hasumiya biyu. Ki tafi da ruwa da abincinki, ki fita da safe.