Kun Tambaya, Mun Amsa: Rage Ƙiba Ba Tare da Tsoka Ta Zube Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Nauyina kilo 80, ina so in rage tumbi, shi ya sa na rage cin abinci ƙwarai: koko da safe, tuwo kaɗan da dare. Sikeli yana sauka, amma damatsana sun rame, ƙarfina ya ragu, tumbin kuma yana nan. A wajen ɗaga ƙarfe an ce in sayi garin BCAA, irin garin nan da ake sha don gina tsoka. Zai taimaka? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Tsoka kake zubarwa tare da kitse, kuma laifin na tsarin cin ne. Kullum jiki yana rushe furotin ɗin tsoka yana sake gina shi. Idan abinci ya yi ƙaranci, ginin ne ke ja da baya, jiki kuma ya riƙa ƙona wani ɓangare na furotin don samun kuzari. Ana haɗa furotin daga ƙananan tubala iri 20 da ake kira amino asid. Guda 9 daga ciki jiki ba ya iya samar da su, dole daga abinci za su zo, kuma idan ɗaya ya yi kaɗan, aikin ginin yakan tsaya komai yawan sauran. Koko da tuwo hatsi ne, furotin ɗinsu kaɗan ne, kuma suna da ƙarancin laisin, ɗaya daga cikin taran.

Ga lissafin. Mai rage abinci yana ɗaga ƙarfe yana buƙatar giram 1.6 zuwa 2.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. A wajenka kenan giram 128 zuwa 176. Wanda ƙibarsa ta yi yawa sosai, ya yi lissafi da nauyin da yake son kaiwa. Kada a haɗa shi duka a cin dare. A raba sau uku ko huɗu, kowane ci giram 30 zuwa 40. Dalili shi ne lusin, amino asid ɗin da ke tayar da aikin gina tsoka, kuma sai ya kai kusan giram 2 zuwa 3 a zama ɗaya yake tayar da shi sosai. Ƙwai ɗaya yana da furotin giram 6, lusin kuma kusan rabin giram, don haka ƙwai ɗaya a shayi bai isa ba. Ƙirjin kaza dafaffe giram 100 yana ba da kusan giram 30. Kofin madara ko kindirmo yana ba da kusan giram 8. Ƙwai uku da kofi biyu na kindirmo marar sukari sun cika ma'aunin karin kumallo.

A 2016 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada sun rage wa samari masu ƙiba abinci da kashi 40 cikin ɗari na tsawon mako huɗu, suna motsa jiki mai tsanani kwana shida a mako. Waɗanda suka ci furotin giram 2.4 a kan kowane kilo a rana sun ƙara kusan kilo 1.2 na naman jiki marar kitse, suka zubar da kitse kilo 4.8. Masu cin giram 1.2 sun zubar da kilo 3.5, tsokarsu ta tsaya kusan inda take. Amma fa an yi wannan ne ƙarƙashin kulawa, na ɗan lokaci. A gida, rage kalori, wato ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci, kusan 500 a rana ya wadatar, nauyi ya riƙa sauka da rabin kilo ko ɗan fiye a mako. A rage daga mai, sukari da lemon kwalba, ba daga nama da wake ba. Cokalin mai babba ɗaya ma kalori 120 ne. Ɗaga ƙarfe sau biyu zuwa uku a mako ba abin sakaci ba ne, shi ke sanar da jiki cewa tsokar tana da aiki.

Garin BCAA kuwa, amino asid uku kawai ke ciki daga cikin taran. Yana kira a fara gini alhali kayan aikin ba su cika ba. Kuɗinsa gara a sayi ƙwai da kifi. In dole sai gari, a nemi mai ɗauke da duka taran ko furotin na madara.

TAMBAYA: Ni kuma nama ya fi ƙarfina. Wake da awara za su yi? Daga wata mai karatu a Maradi.

AMSA: Za su yi, Malama, sai dai a ƙara yawa. Dafaffen wake giram 100 yana da furotin kusan giram 8, yana da laisin da yawa amma metiyonin, wani daga cikin taran, kaɗan ne, hatsi kuma akasin haka, shi ya sa shinkafa da wake ke cika juna. Ki sa waken ya fi shinkafar yawa a faranti. Furotin ɗin waken suya ya fi na sauran wake cika, matsalar awara ita ce man da take sha a kasko. Ki dafa ta cikin miya ko ki gasa. Busasshen kifi kaɗan a miya yana ƙara abu mai yawa. Mai ciwon ƙoda kada ta ƙara furotin sai da izinin likita, mai juna biyu kuma ba lokacin rage abinci ba ne.